Gurbin Kawu a Takardar Tirza

Salonik, 4 ga Nuwamba, 1956

'Yar'uwata Palomba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Peppo da 'yarku Tirza, ina mai baƙin cikin sanar da ke rasuwar turmin haƙorina na hagu, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a hannun wani likita Bagirke mai damtsen maƙera. Marigayin ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana aiki ba hutu. Ya bar 'yan'uwa goma sha tara, yawancinsu ba su da lafiya. Ba a yi zaman makoki ba. Ban da wannan lafiyata lau, sai gwiwa, wadda ke gaya mini za a yi ruwa kwana biyu kafin gidan rediyo ya sani.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce Tirza ta shiga aji ɗaya, malamarsu ta raba musu takarda mai hoton bishiya, kowane reshe da kalmarsa ta Ibrananci: abba da ima, uba da uwa, saba da safta, kakanni, dod da doda, kawu da gwaggo. Yaro ya rubuta sunan mai reshen a ƙasa. Kin ce rassa biyu kawai ta cike, naki da na Peppo. Kina so in yarda a sa sunana a reshen dod, in kuma hau jirgin ruwa in zo ta gan ni da idonta.

To, ki saurara. Na farko, ki gaya wa malamar nan cewa huɗu daga cikin kalmominta shida ba Ibrananci ba ne, aro ne daga Aramiyanci. Na san a can direbobin bas ne ke gyara harshen annabawa yanzu, amma a riƙa tunawa da masu shi.

Na biyu, dod a Attaura wan uba ne ko ƙanensa. In an sassauta ƙwarai, a haɗa da ɗan'uwan uwa. Ni kuwa kakana da kakanki ne wa da ƙane, kuma sun mutu ba sa magana da juna saboda wani kwalekwale da babu wanda ya taɓa ganinsa a ruwa. Shekara ashirin da biyar ina koyar da harshen nan. Ba zan buɗe wa yarinya karatu da kalmar ƙarya ba. Ta rubuta ni a gefen takarda, a ƙasan bishiyar, wurin ciyawa.

Batun zuwa kuwa, kwana uku a teku, kin san cikina. Ga kuma yara bakwai da nake koyarwa a makarantar jama'a. Cikin Yahudawa dubu hamsin na garin nan mu dubu ɗaya da 'yan kai muka rage, in na tafi sai dai a ba mai yankan kaji ajin.

Ki gai da Peppo. Ki ce ya rage taba.

Naki,
Mentesh Asseo

*

Tel Aviv, 28 ga Nuwamba, 1956

Yaya Mentesh,

Ina gaishe ka. Allah ya jiƙan haƙori, ya ba sauran haƙurin rashi. Peppo lafiya, yana shagonsa na kafinta yana shaƙar garin katako, bai rage komai ba. Tirza lafiya. Ni ma da sauƙi, sai kasala da nauyin ciki, kuma kwanan nan ko warin soyayyen kifi ba na so. Likita ya ce in riƙa kwanciya da rana. Na ce ya zo ya yi mini wankin.

Na karanta laccarka, Malam, har sau biyu, na farko da haushi, na biyu da dariya. Yanzu kai ma saurara.

Ran Alhamis muna cin abinci Tirza ta ce, "Ima, Dalya 'yar ajinmu tana da safta biyu. Ta ce za ta ara mini ɗaya, amma mai gemun."

Na ce, "Ba a aron kaka, ci abincinki."

"To ina nawa suke?"

"Suna Salonik."

"Me ya sa ba sa rubuto wasiƙa? Mutumin nan mai ciwon gwiwa ai yana rubutowa."

Peppo ya ajiye cokali ya fita baranda. Ka san shi. Ni kuma na tashi na hau goge tukunyar da na riga na goge. Ban iya gaya mata labarin jirgin ƙasan da Jamusawa suka loda mu a ciki zuwa sansaninsu a shekarar arba'in da uku ba, ni na dawo, su ba su dawo ba. Lambar da suka zana mini a hannu ma ba ta taɓa tambaya ba, don rabin matan layinmu suna da ita. Ina jin ta ɗauka haka ake haifar iyaye mata.

Kana maganar Attaura. Yaya, a nan duk namijin da ya wuce yaro ya kira shi dod. Mai sayar da ƙanƙara dod ne. Mai share titi dod ne. Direban bas ɗin da ka raina ma dod ne, kuma yana amsawa da fara'a. Kai kaɗai, da jininmu ke yawo a jikinka, kai ne kake neman aya.

Ni ba ni da kowa sai kai. Peppo kuwa ko irinka ba shi da shi. Ba don takardar makaranta nake roƙo ba, an ma riga an karɓe ta, malama ta zana mata tsuntsaye a rassan da babu kowa. Abin da nake so, yarinyar nan ta san akwai ƙofa guda a duniya da za ta ƙwanƙwasa, a buɗe, ba a tambaye ta 'yar wa ce ba.

Ka zo kafin Idin Ƙetarewa. Zan dafa maka ƙwai da ɓawon albasa irin na gida, ko marar haƙori zai ci. Kada ka ja lokaci, Yaya.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Palomba

*

Salonik, 20 ga Disamba, 1956

Palomba,

Gaisuwa gare ku duka. Sanyi ya sauko daga tsaunuka, gwiwa ta ci gaba da aikin rediyo. 'Yar Salonik da ba ta son warin kifi, wannan ba ciwo ba ne, ridda ce. Ki bi maganar likita duk da haka.

Bari in ba ki labari, tunda kin mai da ni mugu. An aiko mana da littafin yara daga wajenku, mai hotuna, har da darasin dangi irin na Tirza. Na ce bari in gwada. Na rubuta saba a allo, na rubuta safta, na juya ina bayani. Sai Rashelika Revah, 'yar shekara takwas mai bakin manya, ta ɗaga hannu.

"Malam, waɗannan za su fito a jarrabawa?"

Na ce, "Me ya kawo wannan tambaya?"

"Ai ba mu da wanda za mu kira da su. Gara ka koya mana yadda ake cewa kyanwa. Kowa yana da kyanwa."

Sauran suka fashe da dariya. Na dubi ajin. Yara bakwai, duk an haife su bayan yaƙi, babu mai kaka ko ɗaya, babu mai gwaggo. Na share allo na koya musu kyanwa. Suka nemi kare, na ba su kare. Har aka tashi muna kan jaki.

Kin tuna Reina, ƙanwata ciki ɗaya. Kin tuna 'ya'yanta uku. Su da yarenmu na gida suke kira na, tiyo, wato kawu. Da sun ji tafiyata a matakala sai su ɓarko da gudu, tiyo, tiyo, suna laluben aljihuna don gasassun 'ya'yan kabewa. Ranar da Jamusawa suka kwashe unguwarsu ina ɓoye a birnin Atina da takardun wani Bagirke mamaci, ina zaune ina cin wake, har na nemi ƙari. Kawun kirki ke nan. Na taɓa riƙe muƙamin nan sau ɗaya, Palomba, kin ga yadda na yi da shi. Da ana korar mutum daga kawunci da tuni an kore ni.

Ban faɗa don ki ji tausayina ba. Maganata ta Attaura tana nan, ban janye ko wasali ɗaya ba.

Amma ga abin da zan iya. Tirza ta rubuto mini da Ibrananci, da hannunta, ni kuma in gyara mata, don kada direbobi su gama da ita. Kuma jiya na bi ta ofishin jiragen ruwa, hanya ce ta bi da ni. An ce akwai jirgi ran biyu ga Afrilu. Tambaya kawai na yi, kada ki fara tara ɓawon albasa.

Mentesh

*

Tel Aviv, 10 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Mentesh wanda ba dod ba,

Shalom. Ina lafiya. Yaya gwiwarka. Ima ta ce in rubuta maka da Ibrananci, ita hannunta ya gaji. Wannan fensirina ne.

Yanzu muna da ahot a gida. Abba ne ya kawo ta daga asibiti ran Lahadi tare da Ima. Sunanta Bruriya. Tana da farar hula. A ɗakin Ima take kwana, ni an mai da ni falo. Ima tana kwance kullum. Abba ya ce kada in yi surutu. Maƙwabta suna ta kawo abinci har babu wurin ajiyewa.

Ba na son ahot sosai, don tun da ta zo ba a bari in hau gadon Ima.

Ima ta ce yaushe jirginka.

Tirza

*

Salonik, 25 ga Fabrairu, 1957

Palomba, ke munafuka,

Ina gaishe ki, ina gai da Peppo, ina gai da duk wanda ke numfashi a gidan nan, manya da ƙanana, musamman ƙanana. Lafiyata kada ki tambaya, yau da gudu na hau matakala, gwiwa ta rasa abin cewa.

Wata biyu babu wasiƙa, ina nan ina cewa na ɓata miki rai da maganar wake. Ashe aiki kike yi. Ahot! 'Yar'uwa! Sai daga bakin yarinya 'yar shekara bakwai zan ji an yi mana haihuwa? To ga kasala, ga nauyin ciki, ga kifin da aka yi wa ridda. Ni da nake taƙama da karatu, kin rubuta mini ƙarara na kasa karantawa. Kuma ke ce likitoci suka ce bayan abin da aka yi miki a sansanin Jamusawa, Tirza ma abin mamaki ce. Ki aika musu da hoton jaririyar.

Na karanta takardar a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune, na fita na karanta wa mai gyaran takalmi, wanda bai san harafin Ibrananci ko ɗaya ba. Ran Asabar na sa an ambace ki a majami'a. Tsofaffi tara suka yi ta shafa mini kai kamar ni na haihu.

Yanzu ƙorafi. Bruriya? Wa ya taɓa jin Bruriya a zuriyarmu? Mahaifiyarki Sunhula, Allah ya jiƙanta, tana jiran takwara, kun tsallake ta a kan Tirza, kun sake tsallake ta. Na san a can kunyar sunayenmu ake ji. Ba komai, ni Sunhula zan riƙa kiran ta, ta girma ta kai ni ƙara.

Ga safa biyu a cikin kunshin, gwauruwar da ke ƙasana ta saƙa su cikin kwana biyu. Ta ce ja, na ce fari, don su dace da hular.

Batun jirgi. Zan faɗi gaskiya, na sa an riƙe mini wuri a na ran biyu ga Afrilu tun watan jiya, ina so in ba ki mamaki. Yau na je na ce a ɗaga zuwa kaka. Gidan jego mai ɗaki biyu ba ya bukatar tsoho mai tari da gyaran nahawu. In zo lokacin da za ta iya kama mini yatsa. Kuma kin gani, Allah ya raba gardamarmu: Tirza ta sami reshe na gaske, ba na aro ba.

Ki ce wa Tirza kishin nan duk 'yar fari ta yi shi, zai wuce. Na mayar mata da wasiƙarta da gyara uku da jan biro. Hannunta mai kyau ne, amma ta kula da haruffan ƙarshen kalma.

Mentesh

*

Salonik, 24 ga Afrilu, 1957

Palomba,

Ina gaisuwa. Lafiya lau nake, in akwai mai tambaya. Idi ya zo ya wuce, babu ko layi ɗaya daga gare ku. Na san jaririya tana cin lokaci, amma ban san tana cin tambarin wasiƙa ba. In sunan Sunhula ne ya ɓata miki rai, na yafe, a bar ta Bruriya. Safar ta shiga?

Mentesh

*

Tel Aviv, 6 ga Mayu, 1957

Malam Mentesh,

Ina gaishe ka. Ni ne Peppo. Ni da Tirza lafiya muke. Ban iya rubutu kamar ku ba, ka yi haƙuri da abin da ka gani.

Palomba ta rasu ran tara ga Afrilu da safe. Ciwo ne a cikinta, tun kaka aka gano. An yi mata aiki a Janairu, suka buɗe suka rufe, suka ce a kai ta gida. Mun binne ta washegari. Idi ya katse mana zaman makoki.

Babu jaririya, Malam. A nan ahot 'yar'uwa ce, kuma ahot nas ce. Kalma ɗaya ce. Bruriya nas ce da asibiti suka haɗa mu da ita, mace mai jiki, ta haura hamsin.

Ranar da wasiƙarka ta zo ni na karanta mata. Na kai rabi na tsaya, ta ce ci gaba. Da na zo wurin mai gyaran takalmi ta fara dariya, ta riƙe ciki tana dariya har Bruriya ta shigo da gudu. Ta ce, "Malamin Ibrananci! Shekara ashirin da biyar!" Ta miƙa wa Bruriya safar ta ce, "Ungo, 'yar jaririya, daga Salonik aka aiko miki." Bruriya ta juya su ta ce ko babban yatsanta ba zai shiga ba. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin aikin.

Na ce, "Bari in buga masa telgiram yanzu."

Ta ce, "Kada ka soma."

Na ce, "Palomba, mutumin nan ya fasa jirgi."

Ta ce, "Dubi rubutunsa, Peppo, har layi yake tsallakewa. Tun arba'in da uku ka taɓa jin ya yi murna? Bar masa jaririyarsa ya ɗan riƙe." Sannan ta ce, "In ya zo don ina mutuwa, ni ya zo wa. Zai binne ni ya koma wurin littattafansa. Ni don Tirza nake so ya zo."

Na bi maganarta. Ban san ko na yi daidai ba. Amma ran biyar ga Afrilu, ranar da jirgin nan ya iso, ita da kanta ta ce in je tasha, wai ko ka sake shawara. Na je. Na tsaya har aka gama sauke kaya. Da na dawo ta dubi bayana, ta ce a ba ta ruwa.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuta ba. Ni ma na yi shiru. Ga dalilin rubutuna. Tirza ta ji muna maganar ahot da maƙwabta. Ta ɗauko wasiƙarta da ka mayar, mai jan biro, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ta daina rubutu a makaranta, malama ta aiko kira na. Jiya ina ɗaure mata takalmi ta ce, "Abba, da na rubuta daidai da ya zo, ko? Ima tana ta tambayar jirginsa. Ni na rubuta ba daidai ba, ga shi ya sa ja."

Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "Kai ai kafinta ne. Shi malami ne."

Ba ta yarda da ni ba, Malam. Kai za ta yarda da kai. Ka rubuto mata ko layi biyu. Ban roƙe ka zuwa ba, na san teku da cikinka.

Peppo Nahmias

*

Salonik, 17 ga Mayu, 1957

Tirza,

Shalom. Ina fata kina lafiya, kina cin abinci, kina taya Abba. Ni lafiyata ƙalau. Na rubuta da manyan haruffa don ki karanta da kanki, kada kowa ya karanta miki.

Na haddace wasiƙarki, don haka ba sai kin ciro ta daga inda kika ajiye ba. Na bi ta kalma kalma, kamar yadda nake bin littattafan da suka fi ni tsufa. Gyara ukun nan da na yi da ja ƙananan abubuwa ne, wutsiyar harafi ce, ko ni ina mantawa. Ba su hana kowa zuwa ko'ina ba.

Kalmar ahot kuwa daidai kika rubuta ta, harafi huɗu, babu wanda ya karkace. Kin gaya mini komai: asibiti, farar hula, Ima a kwance, maƙwabta da abinci. Har kin tambaye ni jirgi. Kalmar nan ma'ana biyu gare ta. Ke kin san biyun tun kina 'yar shekara bakwai. Ni guda ɗaya na sani, ta cikin littafi, kuma ban tambayi kowa ba, don na ɗauka babu abin da ya rage mini in koya.

Akwai jirgi ran ashirin da takwas ga wannan wata. Na karɓi tikiti, yana aljihuna, na ba mai yankan kaji ajina. Ki zo tasha tare da Abba. Za ki ga wani gajere mai hula ruwan ƙasa, fuskarsa koriya shar saboda teku. In kin gan shi ki kira shi da kalmar da Ima ta zaɓa masa, da ƙarfi, don akwai hayaniya. Zai juyo.

Ima ta fi ni sanin Ibrananci. Ke ma haka. Ba ke kika yi kuskure ba, Tirza. Ni ne.

Mentesh